Hannuwan da ke Ƙarƙashin Ƙato: Mutum-mutumin Titi da Gwagwarmayar Jama'a

A ranar 1 ga Agustan 2000, jam'iyyar Republican tana tsakiyar babban taronta a birnin Philadelphia, inda za ta tsayar da George W. Bush takarar shugabancin Amurka, sai 'yan sanda suka yi wa wani tsohon sito ƙawanya a yammacin birnin. Ba a sami bam ko bindiga a ciki ba. Kwali ne da sanduna da ƙyalle da fenti, da tarin mutum-mutumai da alluna waɗanda masu zanga-zanga suka kwashe kwanaki suna haɗawa domin su fita da su titi a ranar. An kama mutum fiye da 70, kayan kuma aka loda su a motocin shara aka murƙushe. Daga baya ta fito fili cewa 'yan sandan jiha huɗu sun saje da masu aikin, suna cewa su kafintoci ne 'yan ƙungiyar ƙwadago. Tuhumar da aka yi wa mutanen siton ba ta tsaya a kotu ba, amma bukata ta riga ta biya: zanga-zangar ranar, wadda aka shirya kan hukuncin kisa da cunkoson gidajen yari, ta fita titi ba tare da abin da zai faɗi saƙonta ba, 'yan jarida da dama kuma suka ba da rahoton cewa masu zanga-zangar ba su da wata manufa takamaimai.

Watanni kaɗan kafin nan, a watan Afrilu, jajibirin taron Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya a Washington, hukuma ta rufe ginin da masu zanga-zanga ke haɗa nasu kayan, da hujjar cewa ya saɓa ƙa'idar kiyaye gobara. Duka biyun sun biyo bayan abin da ya faru a Seattle ranar 30 ga Nuwamban 1999, lokacin da dubban mutane suka toshe hanyoyin shiga taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya har aka fasa bikin buɗewa. Cikin hotunan da suka zaga duniya daga can akwai na ƙattin mutum-mutumai da suka ɗara kawunan jama'a, da mutane sanye da ƙoƙon kunkurun teku na kwali.

Me ya sa hukuma mai jirage da tankoki za ta ɓata lokacinta a kan kwali? David Graeber, masanin al'adun ɗan Adam wanda shi kansa ya shiga irin waɗannan tarurruka, ya ɗauki tambayar a wata maƙala da ta fito a 2007. A taƙaice yana ganin masu mulki kan kafa abubuwan tunawa da dutse da tagulla domin su nuna cewa ikonsu ba mai gushewa ba ne, shi kuwa ƙaton kwali ya ari girman nan, alhali kowa ya san ruwan sama ɗaya zai narkar da shi. Saboda haka tsayuwarsa kawai a titi ta isa ta rage wa dawwamar mulki kwarjini. Akwai gaskiya a nan. Sai dai bayanin ya fi karkata ga abin da ido ke gani ranar fita. Graeber ya taɓo batun aikin tarayya da ake yi kafin nan, kuma a ganina can ne ya kamata a kafa turke. Ƙarfin wannan wasa yana cikin makonnin da ake ginawa da kuma hannuwan da ke ɗauka, ya fi yadda yake cikin tsawon ƙaton ko kyan fuskarsa. Duk inda aka raba ƙaton da mutanen da suka gina shi, abin da ya rage ado ne. 'Yan sandan Philadelphia ba su jira kayan su fito titi ba. Wurin aikin suka nufa.

Babu yadda za a yi wannan magana a tsallake Peter Schumann. An haife shi a 1934 a yankin Silesiya, wanda a lokacin yake cikin Jamus, yanzu kuma cikin Polan. Yana yaro iyalinsa suka yi gudun hijira zuwa arewacin Jamus a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, ya ga garuruwa suna ci da wuta, ya kuma koyi gasa burodi wurin mahaifiyarsa. Ya yi sassaƙa da rawa kafin ya ƙaura Amurka a 1961 tare da matarsa Elka. A 1963 suka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Bread and Puppet, wato burodi da mutum-mutumi, a wata unguwar talakawa da baƙi 'yan ci-rani a kudu maso gabashin Manhattan cikin birnin New York. Abin da ya kamata a riƙe shi ne ba da yaƙi suka fara ba. Wasanninsu na farko kan kuɗin haya ne, da ɓeraye a gidajen haya, da halin 'yan sanda, suna kuma zama da yaran unguwanni suna gina mutum-mutumai tare. Damuwar maƙwabta ce ta fara fitar da su titi.

Yaƙin Biyetnam ne ya sa duniya ta san su. A 1965 Amurkawa uku, Alice Herz da Norman Morrison da Roger LaPorte, sun cinna wa kansu wuta, kowa a lokacinsa, domin nuna ƙin yaƙin. Schumann ya sadaukar musu da wani wasa mai suna Fire, wanda kusan babu magana a cikinsa, sai fuskokin matan Biyetnam farare fat suna motsi a hankali. Da aka nuna shi a bikin wasan kwaikwayo na Nancy a Faransa a 1968 sai sunan ƙungiyar ya bazu a Turai. Amma a titi ne abin ya fi tasiri. A tsakiyar dubban masu ihu da ɗaga alluna, sai ga jerin dogayen mata cikin baƙaƙen tufafi, shiru, wasu rungume da gawar jarirai, jirgin yaƙi mai kan kifin shak yana shawagi a kansu a bisa sanduna. Mai kallo da ke bakin titi zai iya yi wa allo gardama, zai iya mayar wa mai ihu martani da ihu. Da wuya ya san abin da zai ce wa uwa mai tsawon gida da ke wucewa ba ta ce masa komai ba.

A dubi yadda ake yin abin, domin nan hujjar take. Ana fara gina fuskar da yumɓu, babba, wani lokaci ta fi tsawon mutum. Sai a yayyaga takarda mai kauri, a tsoma cikin kokon sitaci, a manna a kan yumɓun sawu bayan sawu. Idan ta bushe a ɓamɓare ta. Ta ɗauki kamannin fuskar amma ba nauyi, yumɓun kuma a sake kwaɓa shi don wata fuskar. Jiki ba komai ba ne illa doguwar sanda da yadi, sau da yawa tsofaffin zannuwan gado da aka rina. Kowane hannu yana da tasa sandar. Yayyaga takarda da manna ta ba ya bukatar baiwa, ko karatu, ko jin harshen gari, amma yana bukatar mutane da yawa na kwanaki da yawa. Tsohuwa za ta iya, yaro ɗan shekara bakwai zai iya, baƙon da ya sauka jiya zai iya. Suna zaune hannu cikin koko, dole su yi hira, kuma hirar ba ta da inda za ta nufa sai kan abin da ya tara su.

Ranar fita ma haka. Mutum ɗaya yana riƙe da sandar kai, biyu suna riƙe da hannuwa, wasu suna ja da igiya saboda iska, wasu suna ɗage yadi kada a taka. Wanda ke ciki ba ya ganin gabansa sosai, ba ya kuma ganin siffar da yake motsawa. Da maganar na waje da bugun ganga yake tafiya. In mai hannun dama ya yi gaggawa, ƙaton ya karkace. Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma duk wanda ya taɓa shiga gayyar ɗora jinka ya san cewa ɗakin ba shi kaɗai ake ginawa a ranar ba, har da sanin wa za a iya dogara da shi. Abin da ƙungiyar gwagwarmaya ta fi bukata ke nan, kuma shi ne abin da jawabi daga kan mumbari ba ya bayarwa. Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika faɗa ba. Fuskar kwali tana rufe mai ɗaukarta. Mai kunya, da wanda ke tsoron maigidansa ya gan shi a talabijin, da wanda takardunsa na zama ba su cika ba, duk suna iya shiga. Ba a yin tauraro a ƙarƙashin ƙato, don haka babu mutum ɗaya da za a saya ko a ɓata wa suna abin ya watse.

Burodin da ke cikin sunan ƙungiyar ba ado ba ne. A wasanninsu ana yanka burodin da Schumann ya gasa, a shafa masa haɗin tafarnuwa da mai, a raba wa 'yan kallo kyauta. Ra'ayinsa shi ne fasaha abinci ce, bai kamata ta zama kayan masu kuɗi da gidajen tarihi ba, kuma a 1984 ya buga wata 'yar takardar shela kan fasaha mai araha da ke faɗin haka. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin zuhudun mai fasaha kawai. Ni ina ganin lissafi ne na siyasa. Ƙungiyar da kayan aikinta kwalin shara ne da yumɓun bakin rafi, wadda ke samun abin kashewa daga yawon wasa da sayar da hotunan da take bugawa da hannu, ba ta da mai tallafin da zai kira ta a waya ya ce a sassauta. Shi ya sa a shekarun 1980 ta iya fito da ƙaton Babban Limamin Kirista Oscar Romero na El Salvador, wanda aka harbe a 1980 yana tsakiyar ibada, a daidai lokacin da gwamnatin Amurka ke ba sojojin ƙasar makamai. Ranar 12 ga Yunin 1982 kuma, a gangamin ƙin makaman nukiliya da ya tara kusan mutum miliyan ɗaya a New York, ƙungiyar ta fito da jerin gwanon da 'yan sa-kai sama da 1,000 suka ɗauka. Ba ma'aikatanta ba ne. Mutane ne da suka zo, aka nuna musu inda za su riƙe.

Mai suka zai ce: to, me aka samu? Tambayar tana da nauyi, bai kamata a kauce mata ba. Yaƙin Biyetnam bai ƙare ba sai 1975, kuma abin da ya ƙarar da shi turjiyar 'yan Biyetnam ce, da mutuwar sojojin Amurka fiye da 58,000, da gajiyar jama'a. Yarjejeniyar rage makamai masu matsakaicin zango da Shugaba Reagan na Amurka da Gorbachev na Tarayyar Soviet suka sa wa hannu a 1987 tana da dalilanta na tattalin arziki da tsaro. Tattaunawar Seattle ta rushe ne musamman saboda saɓani tsakanin ƙasashe masu arziki da masu tasowa a cikin zauren. Babu mai iya nuna wata doka ya ce kwali ne ya canza ta, kuma masu son wannan fasaha suna cutar da ita idan suka yi irin wannan da'awa. Suka ta biyu ta fi ta farko kaifi: ƙato ba ya iya bayani. Yana iya nuna azzalumi mai ƙaton ciki da sigari a baki, kamar Uncle Fatso na Bread and Puppet, yana iya nuna uwa mai kuka, amma ba ya iya warware yadda kuɗin ruwa ke cinye kasafin ƙasa. Yana raba duniya gida biyu, mugu da nagari, kuma wannan kayan aiki ne da mai ƙarya ma zai iya ɗauka. Masu wariya su ma suna ƙona mutum-mutumin abokan gabarsu a titi.

Amsar da zan bayar ita ce sukar biyu suna auna ranar fita ne kawai. Bayanin da ƙaton ba ya iyawa a titi, an riga an yi shi a rumfar aiki. Misali mafi kyau yana Minneapolis. Ƙungiyar In the Heart of the Beast, wadda aka kafa a 1973, ta fara jerin gwanon watan Mayu a 1975, 'yan kwanaki bayan faɗuwar Saigon da ta kawo ƙarshen yaƙin Biyetnam, kuma Sandy Spieler ta jagorance shi shekaru da dama. Tsarinsu a waɗannan shekarun shi ne tun cikin hunturu a kira taron unguwa, kowa ya faɗi abin da ke damunsa a shekarar, daga nan a fitar da jigo. Watan Afrilu gaba ɗaya ƙofar wurin aiki a buɗe take kyauta ga duk wanda ya zo. Ranar Lahadin farko ta Mayu a bi titi zuwa filin shaƙatawa na Powderhorn, inda ake tuƙo siffar rana a kan tafki, a tayar da wata ƙatuwar bishiya. Kafin a yanke shawarar wace fuska za a ba gurɓatar ruwa ko korar 'yan haya, sai an yi musu kan wa ke da laifi, kuma a cikin musun ne ake koyon abin da ba ya shiga kan allo. Abin da ya bambanta wannan da ƙona mutum-mutumin abokin gaba shi ne wannan zaman. Wancan ana haɗa shi cikin dare ɗaya don a huce haushi a kan mutum. Wannan ana shafe makonni ana tambayar juna me muke so mu ce.

Game da me aka samu kuwa, sakamakon mutane ne. Matasa da yawa sun je wurin Bread and Puppet sun koyi aikin, suka koma garuruwansu suka kafa nasu. A Philadelphia ɗin nan akwai Spiral Q, wadda aka kafa a 1996, tana aiki da makarantu da ƙungiyoyin unguwa da masu fafutukar cutar ƙanjamau, tana kuma shirya jerin gwano na shekara-shekara tun 2000. Wanda ya koyi yadda ake tara mutum hamsin su gina abu ɗaya, a ciyar da su, a sasanta su idan sun saɓa, a fitar da su titi a mayar da su lafiya, ya koyi shirya jama'a, kuma wannan ilimi yana tafiya da shi zuwa ƙungiyar 'yan haya ko ta ƙwadago ko da ya daina taɓa kwali.

Hujjar tana ƙara fitowa idan aka dubi inda abin ya lalace. Bread and Puppet ta bar New York a 1970 zuwa jihar Vermont, ta zauna a Kwalejin Goddard, sannan a 1974 ta koma wata gona a garin Glover, inda wani tsohon ramin tsakuwa ya zama dandalinta, tsohon ɗakin dabbobi kuma ya zama gidan ajiye dubban fuskoki. Babban wasanta na bazara ya yi ta bunƙasa har yana tara dubun-dubatar mutane. Da yawansu ba su zo gini ko ɗauka ba; sun zo shagali ne a sansanonin da suka tsiro a gefen gonar. A 1998 aka kashe mutum a wani faɗa a ɗaya daga sansanonin, Schumann kuma ya soke wasan gaba ɗaya, ya koma yin ƙananan wasanni a ƙarshen mako. Na yarda da hukuncinsa. Masu kallo sun rinjayi masu ɗauka, abin ya tashi daga aikin tarayya ya koma kasuwa. A Minneapolis ma, a farkon 2019 ƙungiyar ta sanar cewa ba za ta ƙara ɗaukar nauyin bikin ita kaɗai ba. Kuɗi sun gaza, domin taron ya kai dubun-dubata, sannan akwai ƙorafin da ta amince da shi cewa masu yanke shawara galibi fararen fata ne a unguwar da ke cike da baƙaƙe da 'yan asalin ƙasar da baƙi 'yan ci-rani. Buɗe ƙofa bai wadatar ba idan waɗanda ake magana a kansu ba su ne ke zaɓen jigo ba.

Wannan ma'auni ne nake so a ɗora wa shahararren ƙaton zamaninmu. Amal siffar yarinya ce 'yar gudun hijirar Siriya, tsawonta mita 3.5, kamfanin Handspring na Afirka ta Kudu ne ya gina ta, wanda Adrian Kohler da Basil Jones suka kafa da abokansu a 1981. A ƙarƙashin jagorancin Amir Nizar Zuabi, Bafalasɗine, ta tashi daga Gaziantep a Turkiyya cikin Yulin 2021, ta ratsa Girka da Italiya da Faransa da Suwizalan da Jamus da Beljiyam, tafiyar kilomita 8,000, ta isa Manchester a Ingila farkon Nuwamba. Fafaroma Francis ya gaisa da ita a Vatican. A Larissa ta Girka an jefe ta da duwatsu, majalisar yankin Meteora kuma ta ƙi yarda ta bi ta wurin gidajen ibadarsu. Duk wanda ya ga yadda take numfashi da ƙifta ido ya san aikin gwanaye ne, kuma jifan da aka yi mata ya tona abin da yara na gaske ke fuskanta ba tare da kyamara ba. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Amma ƙwararru ne suka gina ta, ƙwararru ke motsa ta, ɗaya a ciki a kan dogayen sanduna, biyu a hannuwa. Rabon mutanen gari shi ne tarba: waƙa, rawa, kyauta, sannan ta wuce. Makonni uku bayan isarta Manchester, ranar 24 ga Nuwamba, aƙalla mutum 27 suka nitse a mashigin ruwan da ke tsakanin Faransa da Ingila. A Afrilun 2022 gwamnatin Birtaniya ta sanar da shirin tura masu neman mafaka zuwa Ruwanda. Ba laifin Amal ba ne. Abin tambaya shi ne me ta bari a kowane gari bayan hawaye sun bushe, kuma amsar ta dogara ne kacokan kan ko ƙungiyoyin da suka haɗu don tarbarta sun ci gaba da zama tare.

Abin sha'awa, mutanen Handspring ɗin suna da wani aiki da duniya ba ta sani ba sosai, wanda a ganina ya fi kusa da zuciyar al'amarin. A Barrydale, wani ƙaramin gari a lardin Western Cape, mulkin wariya ya bar gari biyu: tsohon garin fararen fata, da unguwar Smitsville ta ma'aikatan gona. Tun daga 2010 suka haɗa kai da wata ƙungiyar yara ta garin mai suna Net vir Pret, daga baya da Jami'ar Western Cape, ana shirya jerin gwano duk Disamba a kusa da Ranar Sasantawa ta ƙasar. Yaran garin suna cikin masu ƙirƙirar labarin, da gini, da ɗauka, ana bin titunan da suka raba unguwannin biyu. Shekara bayan shekara ana komawa wuri ɗaya da mutane ɗaya, har wasu matasan da suka taso cikin aikin suka zama magina da kansu. Ƙungiyar Ukwanda, wadda ta goge a wannan aiki, ita ce ta tsara dabbobin kwali da katako na tafiyar The Herds, wadda ta tashi daga Kinshasa a Afrilun 2025, ta bi ta Legas da Dakar, ta nufi ƙuryar arewacin Turai don jan hankali kan sauyin yanayi. A wannan karon an koya wa mutanen garuruwan da aka bi yadda za su motsa dabbobin, a wasu wuraren har da ginawa. Ina karanta wannan a matsayin gyara, daga mutanen da suka ga iyakar tarba.

Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne ga wasan titi mai faɗa wa jama'a gaskiya. Tashe, da ake farawa bayan azumi ya kwana goma, yara ne ke haɗa kayansu da auduga da tsumma da ƙwarya, su bi gida-gida suna kwaikwayon halayen manya, gwauro ma bai tsira daga Nalako, sarkin gwauraye, a Kano ba. 'Yan Tibi a Binuwai suna da Kwagh-hir, wasan mutum-mutumai da dodanni mai sharhi kan zaman jama'a, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2019. Dangantakar da ta fi ƙarfi kuwa ta ilimi ce. Tun tsakiyar shekarun 1970 malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Michael Etherton wanda ya zo da gogewar Zambiya, suka riƙa kai wasa Samaru da ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo. Darasin da suka fitar da kansu shi ne wasan da aka gama dafawa a jami'a aka kai wa manoma bai kai wanda aka zauna aka ƙirƙira tare da su ba. Wannan shi ne abin da Glover da Minneapolis da Barrydale suka nuna, an kuma gano shi a Zariya ta hanyarta.

Akwai batun da ba zan yi kamar ban gani ba. Da yawa daga cikinmu za su yi ƙyamar ƙaton siffar mutum saboda hukuncin sura a Musulunci, kuma malamai suna da maganganu masu tsawo a kai. Ba wurina ba ne in yanke. Amma idan hujjar wannan maƙala ta tsaya, fuskar mutum ba ita ce sharaɗi ba. Jama'a za su iya gina busasshiyar bishiya mai tsawon bene, ko rijiyar da ta ƙafe, ko allon makaranta da mutum ashirin ke ɗauka, su sami duk abin da aka lissafa a sama. Haɗarin da na fi jin tsoro wani ne daban, kuma mun saba ganinsa a wasannin wayar da kai: ƙungiya ta samo tallafi, ta ɗauko mai fasaha daga birni, ya gina abu mai kyau a shagonsa, a kawo shi a mota ranar da manyan baƙi za su zo, a ba yaran gari riguna da kuɗin ruwa su ɗauka, a ɗauki hoto don rahoto. Wannan yana da kamannin aikin Schumann, amma kishiyarsa ne, domin ya mayar da mutanen gari 'yan dako a cikin labarin kansu.

Saboda haka kirana ga sassan wasan kwaikwayo na jami'o'inmu, da ƙungiyoyin da ke tunanin gwada wannan hanya, da masu ba su kuɗi, shi ne a mayar da yawancin lokaci da kasafi kan makonnin gini, a yi shi a cikin unguwa da kayan da ke unguwar, mutanen wurin su zaɓi abin da za a ce ko da bai yi wa mai tallafi daɗi ba. Masu bincike kuma su daina ƙirga 'yan kallo kaɗai. Su koma bayan shekara guda su tambayi waɗanda suka manna takardar ko har yanzu suna haɗuwa, da kuma abin da suka yi tare tun daga ranar.